Yadda Ake Rubuta Bayanin Rajista na Tsohuwar Fostar Talla Mai Ɗauke da Zanen Shimfiɗar Ƙasa

Masu karatu da dama sun yi ta tambaya a kan yadda ake shigar da tsohuwar fostar talla cikin kundin rajista, musamman irin wadda aka buga zanen wani sanannen mai zanen duwatsu, koguna da filaye a kanta. Wasu sun saye ta a gwanjo, wasu sun gaje ta, wasu kuma ma'aikatan ɗakin karatu ne ko gidan adana kayan tarihi da aka danƙa musu aikin. Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, zan yi amfani da fostocin kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya, musamman fostar "Warwick Castle" wadda kamfanin London Midland and Scottish Railway (LMS) ya fitar a 1924 daga zanen Adrian Stokes, ɗaya daga cikin jerin fostocin da mai zane Norman Wilkinson ya ba kamfanin shawarar a nema daga mambobin Royal Academy, wato ƙungiyar fitattun masu zane ta London.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce, abin da ake bayyanawa a rajista shi ne takardar da ke gaban mutum, ba zanen asali da aka kwafo ba, kuma dole ne mai karanta rajistar ya iya bambance abin da aka gani da ido a jikin takardar da abin da aka samo daga wani wuri.

1. Haɗa kayan aiki

Ana buƙatar tebur mai tsabta wanda ya fi fostar faɗi, da tef ɗin awo mai santimita, da fensir mai laushi na 2B, da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, da tocila, da ƙaramar fitila mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, da 'yan ƙananan buhunan yashi ko littattafai masu santsin bango don danne gefuna, sai waya ko kyamara. Duk waɗannan masu araha ne, kuma gilashin ƙara girma ana samunsa wajen masu gyaran agogo da masu gyaran waya. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan adanawa, wato aljihun roba mai garai-garai na musamman da kwali marar sinadarin asid, domin galibi daga waje ake odarsu kuma kuɗin dakonsu kan zarce kuɗinsu saboda girmansu.

Gargaɗi: kada biro, maka, shayi ko ruwa su kusanci teburin. Safar hannu ta auduga ma ba ta da amfani a nan, domin tana hana yatsu jin takardar har a yage gefenta ba a sani ba. Wanke hannu da busar da shi ya wadatar.

2. Shimfiɗa fostar

Idan fostar ta zo a naɗe, a ajiye ta a ɗakin da za a yi aikin ta kwana ɗaya ko biyu kafin a taɓa ta. Bayan haka a warware ta sannu a hankali, mutum biyu idan babba ce, ana ɗora abin danni a kan takarda mai tsabta a kowace kusurwa. Idan aka ji tana turjiya ko aka ji ƙarar tsagewa, a dakata nan take.

Gargaɗi: kada a naɗe ta ta baya don a miƙar da ita, kada a goge ta da dutsen guga, kada kuma a fesa mata ruwa. A lokacin hunturu takarda kan bushe ta yi ƙarau, don haka warware tsohuwar fosta a tsakiyar watan Janairu a garuruwanmu ya fi haɗari fiye da sauran lokuta. Idan tana cikin firam kuma ta manne da gilashi, a bar ta a ciki, a rubuta a rajista cewa ba a duba bayanta ba.

3. Ba ta lamba

Kafin a rubuta kowane bayani, a ba fostar lambar da ba za ta taɓa sauyawa ba. Tsarin da gidajen tarihi suka fi bi shi ne shekarar da abu ya shigo, sai lambar rukunin da ya zo a ciki, sai lambar abun kansa, misali 2025.7.1. A rubuta lambar da fensir, ƙanana kuma ba da dannawa ba, a kusurwar ƙasa ta bayan takardar, sannan a maimaita ta a kan aljihun ajiya da sunan kowane hoton da za a ɗauka. Ba a manna sitika, ba a buga hatimi.

4. Kwafe duk rubutun da ke jikinta

Nan ne aikin gaskiya yake farawa, kuma nan ne mai gaggawa ke tafka kuskure. A kwafe kowane rubutu harafi da harafi kamar yadda yake, cikin harshen da aka buga shi, da manyan baƙaƙe da ƙanana, har da kuskuren rubutu idan akwai, tare da faɗin wurin da yake: tsakiyar ƙasa, kusurwar hagu, gefen dama da sauransu. A fara da babban take, sai sunan kamfanin da tambarinsa, sai sunan mai zane kamar yadda aka buga shi tare da haruffan da ke biye da shi irin su "R.A." (alamar mamba na Royal Academy), sai sa hannun da ke cikin zanen.

Daga nan a ɗauki gilashi a bi farin gefen ƙasa daga hagu zuwa dama. A nan ake samun siririn rubutu wanda ya fi komai daraja ga mai rajista: layin da ke farawa da "Published by" yana nuna wanda ya ba da aikin, wanda ke farawa da "Printed by" ko "Printed in Great Britain by" yana nuna maɗaba'a, kuma sau da yawa akwai lambar aiki kusa da su. Sunayen maɗaba'un da aka saba gani a fostocin jirgin ƙasa sun haɗa da Waterlow & Sons, McCorquodale & Co., Jordison & Co., Dangerfield Printing Co. da Vincent Brooks, Day & Son. Ko da ba a gane ma'anar wata lamba ba, a kwafe ta, domin wani mai bincike na gaba zai iya gane ta. A juya takardar a kwafe abin da ke baya: hatimin dillali, farashin da aka rubuta da fensir, tsohuwar lambar gwanjo.

Duk abin da mai rajista ya ƙara daga kansa, ko da yana da tabbaci a kai, ana sa shi cikin baka mai kusurwa, kamar haka: [1924]. Wannan alamar ce ke shaida wa mai karatu cewa ba a jikin takardar aka ga shekarar ba.

Gargaɗi: sa hannun da ke cikin zanen bugawa aka yi tare da sauran launuka, ba mai zanen ne ya sa hannu a kan wannan kwafin ba. A rubuta "sa hannu a cikin bugu". Wanda ya rubuta "mai ɗauke da sa hannun mai zane" kawai ya yaudari mai saye, ko da bai yi niyya ba. Sa hannu na haƙiƙa yakan kasance da fensir ko tawada a farin gefe, kuma idan aka haska tocila daga gefe ana ganin ƙyallin fensirin da ɗan lotsawar takardar.

5. Raba masu hannu a aikin gida uku

Fosta irin wannan tana da iyaye uku, kuma kowanne yana da gurbinsa a rajista. Mai zane shi ne ya yi hoton asali da fenti. Maɗaba'a ita ce ta mayar da hoton zuwa bugu, wanda a shekarun 1920 ma'anarsa ita ce ƙwararrun ma'aikata sun sake zana shi da hannu a kan dutse ko farantin ƙarfe, launi bayan launi. Mai talla kuwa shi ne kamfanin da ya biya kuɗi ya kuma wallafa. Saboda haka ba a rubuta cewa fostar "zanen Stokes ce". Ana rubuta "bugu bisa zanen Adrian Stokes, wanda kamfanin London Midland and Scottish Railway ya wallafa".

A rubuta sunan mai zanen cikakke tare da shekarun rayuwarsa: Stokes, Adrian Scott, 1854–1935. Wannan ba ado ba ne. Akwai wani Adrian Stokes ɗin, 1902–1972, marubuci kan harkar zane wanda shi ma ya yi zane, kuma wanda ya bar shekarun zai iya sa a jingina fostar ga mutumin da yake ɗan shekara 22 a lokacin da ta fito. Haka kuma a bambance taken fostar da taken zanen asali, domin kamfanoni kan sauya take ya dace da tallar. Idan an san inda zanen asali yake, a ambace shi a gurbin ƙarin bayani, ba a gurbin take ba.

6. Awo

A auna tsayi kafin faɗi, da santimita, har zuwa milimita mafi kusa. Awo biyu ake yi: na takardar gaba ɗaya, da na hoton kaɗai ban da farin gefe da layin rubutu. Idan an manna fostar a kan yadi, yadin ma a auna shi daban.

Kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya sun fi amfani da girma biyu. Double Royal yana da tsayin inci 40 da faɗin inci 25, wato kimanin santimita 101.6 da 63.5. Quad Royal kuwa inci 40 ne da 50, wato kimanin santimita 101.6 da 127, kuma akasarin fostocin jerin 1924 a wannan babban girman suka fito. Bambancin santimita ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Idan ya wuce haka, mai yiwuwa an datse gefe, kuma datsewar kan tafi da sunan maɗaba'a. Idan kuwa awon ya faɗo daidai kan girman takardun zamani irin su A1 ko A2, ko santimita 50 da 70, to kusan babu shakka sabon kwafi ne aka buga don ado.

Gargaɗi: kada a kwafo awo daga kundin wani a sa a rajista. Awon da ke cikin littafi na kwafin wani ne.

7. Gano irin bugun

Wannan matakin ne ke raba tsohuwar fosta da sabon kwafi, don haka ya cancanci lokaci. A ɗora gilashi a wurare uku aƙalla: sararin samaniya inda launi ke sauyawa a hankali, wuri mai duhu kamar inuwar bishiya, da gefen haruffa.

A bugun dutse na hannu za a ga filayen launi a shimfiɗe ba tare da ɗigo ba, da wuraren da ke da tsakuwa-tsakuwa marasa tsari irin na alli mai maiƙo, da inda launi ya hau kan launi ya haifi na uku. A gefuna kuma akan ga launi ɗaya ya ɗan zarce ɗan'uwansa. A bugun zamani na launi huɗu za a ga ɗigo-ɗigo na shuɗi, ja, rawaya da baƙi a jere bisa tsari, suna yin 'yan da'irori kamar furanni, har a cikin sararin samaniya. Idan firintar kwamfuta ce ta fesa tawadar, ɗigon ƙanana ne ƙwarai kuma a warwatse, takardar kuma takan fi kauri da santsi. Fostar da ke iƙirarin 1924 amma gaba ɗayanta ɗigo ne masu tsari, har haruffan ma ɗigo ne suka haɗa su, hoton tsohuwar fosta aka ɗauka aka sake bugawa. A wasu kwafin har ana ganin hoton lanƙwasa ko yagewa a buge, alhali takardar lafiyarta lau.

Gargaɗi: ɗigo kaɗai ba hujjar jabu ba ce ga kowace fosta. Bayan yaƙin duniya na biyu, fostocin British Railways, wato jirgin ƙasa na gwamnatin Birtaniya, da yawa ta hanyar ɗaukar hoto aka shirya farantinsu, saboda haka fostar shekarun 1950 ta asali tana iya nuna ɗigo. Abin dubawa shi ne ko irin bugun ya dace da zamanin da fostar ke iƙirari.

Sai a kashe wutar ɗaki a haska fitilar duba kuɗi a kan farin gefe ko bayan takardar. Daga wajen 1950 masana'antun takarda suka fara zuba sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin wannan hasken. Idan takardar ta yi wannan walƙiyar ko'ina, ba ta 1924 ba ce. Idan ba ta yi ba, hakan bai tabbatar da tsufanta ba, domin har yau ana yin takarda marar sinadarin. Kada a kalli fitilar kai tsaye, kada kuma a daɗe ana haska fostar.

8. Ƙayyade shekara

Shekaru uku ne ke iya shiga rajista: shekarar zanen asali, shekarar da fostar ta fara fita, da shekarar da aka buga wannan kwafin. Ta ukun ce ke shiga babban gurbi.

Fostocin jirgin ƙasa ba kasafai suke ɗauke da shekara ba, amma sunan mai wallafawa yana ƙuntata lokacin sosai. Manyan kamfanoni huɗu, wato LMS, LNER (London and North Eastern Railway), GWR (Great Western Railway) da Southern Railway, sun yi aiki da wannan tsarin na kamfanoni huɗu daga 1923 zuwa ƙarshen 1947. Ranar 1 ga Janairu 1948 gwamnati ta karɓe su aka samu British Railways. Daga cikin hukumomin da suka gudanar da ita, sunan Railway Executive yana nuna 1948 zuwa 1953, British Transport Commission ta kai har 1962, British Railways Board ta fara a 1963, sunan British Rail da tambarin kibiya biyu kuma ya zo a 1965. Salon haruffa ma yana taimakawa, tunda a 1929 ne LNER ta rungumi haruffan Gill Sans. Duk takardar da ke ɗauke da sunan National Railway Museum kuwa ba za ta girmi 1975 ba, shekarar da aka buɗe gidan tarihin a York, haka nan mai lambar sanduna ta kanti ko adireshin intanet sabuwa ce.

Bayan an gama da shaidar jikin takardar ne ake zuwa kwatance. Kundin Science Museum Group, wato rukunin gidajen tarihin kimiyya na Birtaniya, da ke intanet yana da dubban fostocin jirgin ƙasa da hotunansu, kuma ana dubawa kyauta. A kwatanta rubutu layi da layi, da launi, da awo. Idan shekara ba ta tabbata ba, a rubuta tazara kamar [tsakanin 1923 da 1947] tare da dalilin. Tazara mai hujja ta fi shekara guda da aka tsinto a tallar wani dillali.

9. Bayyana hoton da halin da takardar ke ciki

Bayanin hoton jimla biyu ko uku ya isa: wurin da aka zana, abin da ke gaba, abin da ke baya, launukan da suka rinjaya. Ga fostar Warwick, a ambaci cewa fada ce da ke bakin kogin Avon a yankin Warwickshire na Ingila, domin mai neman hotunan wannan wurin ya same ta. Kalmomin yabo irin su "mai ban sha'awa" aikin dillali ne, ba su da gurbi a rajista.

Halin takardar kuwa ana bayyana shi dalla-dalla. A kwantar da tocila a gefe haske ya bi fuskar takardar, nan take lanƙwasa, kumburi da faci za su fito. A rubuta kowace illa da wurinta da girmanta: yagewa mai santimita 4 a gefen dama, ramukan ƙusa a kusurwoyi, tabon ruwa a ƙasa, ɗigon tsatsa, kodewar launi, tabon salatif, cin gara ko kyankyaso. Layukan ninki ba lallai su zama aibi ba, domin fostoci da dama a ninke ake aika su tashoshi, sai dai duk da haka a rubuta su. Idan an manna ta a kan yadi, a duba da fitila da gilashi ko an cike gurbi da sabon fenti, domin gyaran ƙwararre yakan ɓoye wa ido. Dillalai suna ba da daraja da haruffan A, B da C, amma ma'aunin kowannensu daban ne, saboda haka harafin ba ya maye gurbin cikakken bayani.

Gargaɗi: kada a yi gyara da salatif ko gam, kada a ɓanɓare tsohon salatif, kada a goge datti da abin goge fensir a kan launi. Gyara aikin ƙwararren mai kula da takardu ne, kuma kuɗinsa kan iya fin darajar fostar, don haka a nemi ƙiyasi kafin a yanke shawara.

10. Tarihin mallaka da farashi

A rubuta daga hannun wa aka samo ta, yaushe, ta wace hanya, da kuɗin da aka biya, sannan a adana rasiɗi da lambar kaya ta gwanjo. Abin da mai sayarwa ya faɗa da baki a rubuta shi a matsayin "in ji mai sayarwa". Wajen kwatanta farashi, a lura cewa kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da mai saye ya biya ba, domin manyan gidajen gwanjo kan ɗora la'ada fiye da kashi 20 cikin 100, ban da haraji da dako. Farashin da ake nema a shafukan sayarwa kuwa buri ne na mai kaya. Ƙiyasin daraja a ajiye shi a gurbi daban tare da kwanan watansa, kuma kada ya fita a rajistar da jama'a ke gani.

11. Hoto da ajiya

A ɗauki hoton gaba da na baya a shimfiɗe, kyamara tana daidai tsakiyar fostar, a hasken rana na inuwa ba tare da filasha ba, da ma'auni da lambar rajista a gefe. A ƙara hotunan kusa na layin maɗaba'a, da sa hannu, da kowace illa, da guda ɗaya ta cikin gilashi wanda ke nuna irin bugun. Kwafi biyu na rajistar da hotunan a ajiye su a wurare daban-daban, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a buge a takarda.

Fostar kuma ta kwanta a shimfiɗe cikin aljihunta a aljihun tebur mai faɗi. Idan babu wurin da zai ɗauki Quad Royal, a naɗe ta a bayan bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye wanda aka lulluɓe da takarda marar asid, ba a cusa ta a cikin bututun ba. A nisantar da ita daga ƙasa da bangon waje, a riƙa duba ta a cikin damina, domin idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin 100 fumfuna kan fara fitowa, kuma a wannan lokacin aljihun roba da aka like bakinsa yakan riƙe laima a ciki, don haka a bar gefe ɗaya a buɗe. Idan za a rataye ta, a sa kwali tsakaninta da gilashi, a zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa, sannan a koma rajista a rubuta sabon wurin da take, da kwanan wata, da sunan wanda ya matsar da ita.